Fitar Birtaniya Daga Tarayyar Turai: Yadda Zaɓe Ya Shiga Tsakiyar Ciniki



Tun ranar 29 ga Janairu, 2025, da ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka cika fitarsu daga ƙungiyar ECOWAS, ba abin mamaki ba ne talakawa su tambayi hakimi, balle wanda gundumarsa ta ke bakin iyaka, yadda ƙasa ke fita daga ƙungiyar ciniki, da abin da ke samun fatake bayan fitar. Saboda haka aka ga ya kyautu a kawo labarin wata ƙasa da ta riga ta bi wannan hanya, watau Birtaniya, wadda aka fi sani da sunan Ingila. Al'amarinta ya bambanta da na maƙwabtan nan ƙwarai, gama su soja ne ke riƙe da mulkinsu sa'ad da suka fita, ita kuwa sau biyu ta tsaya ta yi babban zaɓe alhali tana tsakiyar cinikin fita. Wannan gamuwa ta zaɓe da ciniki ita ce abin dubawa a cikin jawabin nan.

Da farko dai a sani Birtaniya ƙasashe huɗu ne a ƙarƙashin sarauta ɗaya: Ingila, da Sikotilan, da Wels, da Ailan ta Arewa. Ta shiga ƙungiyar cinikin Turai ranar 1 ga Janairu, 1973, a zamanin da a ke kiranta Kasuwar Tarayya. Ƙungiyar ta yi ta girma har ta kai ƙasashe 28, aka riƙa ce mata Tarayyar Turai. Ka'idarta ita ce, kaya su wuce daga wannan ƙasa zuwa waccan ba kuɗin fito, ba tsayawa a kwastan. Mutumin kowace ƙasa ya iya zama ya yi sana'a a cikin sauran. Kowace ƙasa ta riƙa zuba kuɗi a baitulmalin ƙungiya. In an yi gardama kan dokokin ƙungiya kuwa, kotunta da ke Luksambag ita ke yanke hukunci. Waɗansu mutanen Birtaniya sun ga riba a wannan, waɗansu kuwa sun ga ikon ƙasarsu ne ke zurarewa, baƙi kuma suna yi musu yawa.

Ranar 23 ga Yuni, 2016, aka jefa ƙuri'ar raba gardama. Mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, watau kimanin kashi 52 bisa ɗari da kashi 48. Ingila da Wels suka zaɓi fita, Sikotilan da Ailan ta Arewa suka zaɓi zama. Firayim Minista David Cameron, wanda ya kira ƙuri'ar yana kuma goyon bayan zama, ya ajiye aiki, Uwargida Theresa May ta gaje shi ranar 13 ga Yuli.

To, a nan akwai abin lura. Tambaya ɗaya tak aka rubuta a takardar ƙuri'a, a zauna ko a fita. Ba a tambayi kowa irin fitar da ya ke so ba. Fita kuwa iri-iri ce. Ƙasa tana iya barin ƙungiya amma ta ci gaba da cin kasuwarta da bin dokokinta, kamar yadda Norwe ta ke yi ba tare da ta taɓa zama 'yar ƙungiya ba. Tana kuma iya yanke komai ta koma baƙuwa. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa, kowane ɗan majalisa kuwa ya ɗauki ƙuri'ar jama'a ya fassara ta yadda ta yi masa daɗi.

Hanyar fita tana rubuce a Sashe na 50 na yarjejeniyar ƙungiyar. Ƙasa mai son fita ta rubuta takardar sanarwa. Daga ran da takardar ta isa, shekara biyu a ke ba ta ta daidaita da sauran. In wa'adi ya cika ba a daidaita ba, ta fita hannu wofi, sai fa in dukan sauran ƙasashen sun yarda da ƙarin lokaci, ba ko ɗaya da ta ƙi. Duk wanda ya taɓa zama a kan ciniki ya san abin da wannan ke nufi. Mai sayarwa da rana ke faɗuwa a kansa ba shi da ƙarfin baki irin na mai saye da ya ke iya dawowa kasuwa mai zuwa. Abu guda da ke hannun Birtaniya shi ne zaɓen ranar da za ta aika da takardar, domin kafin ta aika ba wa'adin da ke binta.

Uwargida May ta bayyana manufarta a Landan ranar 17 ga Janairu, 2017, cewa Birtaniya za ta bar kasuwar bai ɗaya, ta fita daga ikon kotun ƙungiya, ta kuma sami damar ƙulla cinikinta da sauran duniya. Ranar 29 ga Maris aka miƙa takardar sanarwa ga Donald Tusk, shugaban majalisar shugabannin ƙungiyar, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam. Wa'adi ya soma tafiya. Kwana 20 bayan wannan, ranar 18 ga Afrilu, sai ga Firayim Minista a ƙofar gidan gwamnati tana shaida wa jama'a za a yi babban zaɓe ranar 8 ga Yuni, ko da ya ke ta sha faɗa a baya ba za ta kira zaɓe kafin lokacinsa ba.

Adalci ne a faɗi hujjarta, gama ba ta rasa hujja ba. Majalisar Wakilai tana da kujera 650, jam'iyyarta ta Konsabatib tana da 330, watau rinjaye ɗan kaɗan, wanda 'yan tsirarun 'yan jam'iyya masu taurin kai za su iya rushewa ran da suka ga dama. Sa'an nan zaɓe na gaba a 2020 ya ke, shekara guda kurum bayan ranar fita. In an yi shi a 2017 kuwa, sai 2022 za a sake, ta sami sarari ke nan. Bugu da ƙari masu auna ra'ayin jama'a sun nuna jam'iyyarta ta tsere wa ta Leba da wajen kashi 20 bisa ɗari. Ta ce da mutane su ƙara mata ƙarfi domin ta zauna gaban Turawan ƙungiya da ƙasa ɗungum a bayanta. Majalisa ta amince da ƙuri'a 522, masu ƙi 13.

Amma mai kiran zaɓe rana kaɗai ya ke sawa, ba shi ke zaɓa wa jama'a abin da za su yi magana a kai ba. Jam'iyyar Leba a ƙarƙashin Jeremy Corbyn ba ta tsaya jayayya kan fita ba, ta ce ta karɓi hukuncin jama'a, ta juya zance zuwa asibitoci da makarantu da kuɗin karatun jami'a. Ita kuma Konsabatib ta fitar da takardar manufa mai ɗauke da wani sharaɗi, cewa za a riƙa lissafa darajar gidan tsoho cikin kuɗin jinyarsa ko da a gidan a ke kula da shi. Tsofaffi kuwa su ne ƙashin bayan jam'iyyar. Ƙasa ta ɗauki kuka, cikin kwana huɗu Firayim Minista ta sassauta maganar, tana kuma cewa ba abin da ya sake. Mai neman a zaɓe ta saboda tsayuwa kan magana ɗaya, wannan ya rage mata kwarjini ƙwarai. Ana cikin haka aka kai hari a Mancesta ranar 22 ga Mayu, mutum 22 suka rasu, aka sake kai wani a Landan ranar 3 ga Yuni, hankalin mutane ya koma kan tsaro da yawan 'yan sanda. Zancen irin fitar da za a yi, wanda dominsa aka kira zaɓen, ba a tattauna shi sosai ba har aka jefa ƙuri'a.

Da aka ƙidaya, Konsabatib ta sami kujera 317, Leba ta tashi daga 232 zuwa 262. Rinjaye sai da 326. Garin neman gira aka rasa ido.

Yanzu sai a duba abin da ɗaya ɓangaren ya ke yi a cikin makonni bakwai ɗin nan. Ranar 29 ga Afrilu shugabannin ƙasashe 27 suka taru suka amince da ka'idodin cinikinsu baki ɗaya, a watan Mayu kuma suka damƙa wa wakili guda, Michel Barnier, mutumin Faransa, rubutaccen izni mai iyaka. Su ma fa suna da zaɓensu a wannan shekara, Faransa ta zaɓi sabon shugaba a watan Mayu, Jamus ta yi nata a Satumba. Duk da haka ba a sake wakili ba, ba a sake takarda ba, domin sun raba sha'anin cinikin da sha'anin zaɓen kowace ƙasa. Sharaɗinsu na farko shi ne jerin magana: ba za a taɓa zancen cinikin gaba ba sai an yi nisa kan abu uku, watau haƙƙin mutanensu wajen miliyan 3 da ke zaune a Birtaniya da na 'yan Birtaniya da ke zaune a wurinsu, da kuɗin da Birtaniya ta riga ta ɗauki alkawarin biya, da iyakar Ailan.

Birtaniya ta so a haɗa duka a yi magana lokaci guda, don ta riƙe kuɗin a hannu ta yi tayi da shi. Ministanta na fita, David Davis, ya faɗa a lokacin yaƙin zaɓe cewa a kan wannan jeri za a yi babbar rigima. Ranar 19 ga Yuni, kwana 11 bayan zaɓe, aka yi zaman farko a Burasel, a wannan rana kuwa ya karɓi jerin ƙungiya. Kusan wata uku ke nan sun tafi daga cikin 24, gwamnati kuma ba ta ko gama ɗinke rinjayenta a majalisa ba.

Ɗinkin ya zo ranar 26 ga Yuni. Wata jam'iyya ta Ailan ta Arewa mai suna DUP, mai kujera 10, ta yarda ta riƙa mara wa gwamnati baya a manyan ƙuri'u, aka yi alkawarin ƙara wa yankin fam miliyan 1,000. A nan ne zaɓe ya sa hannu a cikin cinikin kansa, domin mafi wuya cikin abubuwa ukun nan shi ne iyakar Ailan, ga shi kuma ran gwamnati ya koma hannun jam'iyya ɗaya daga cikin masu rigima a kan wannan iyaka.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan iyakar nan, gama hakiman bakin iyaka za su gane ta tun kafin a gama bayani. Tsibirin Ailan kashi biyu ne. Kudu jamhuriya ce mai mulkin kanta, 'yar Tarayyar Turai. Arewa kuwa yankin Birtaniya ne. Iyakar da ke tsakaninsu ta kai wajen mil 310, hanyoyin da ke ƙetare ta sun fi 200. Akwai manomin da gonarsa ta ke haye da ita, akwai mai kwana a arewa ya yi aiki a kudu, madarar da aka tatsa a wannan gefe a kan sarrafa ta a wancan. Mutanen arewar kuma sun rabu, waɗansu na son zama da Birtaniya, waɗansu na son haɗewa da kudu, a kan haka aka yi kusan shekara 30 ana zub da jini, mutum wajen 3,500 suka hallaka, kafin sulhun 1998. Bayan sulhu aka kwashe shingayen soja, kwastan kuwa dama ta riga ta tashi saboda ƙasashen biyu suna kasuwa ɗaya. Kowa ya yarda mayar da rumfar kwastan a kan wannan iyaka tsokanar fitina ce.

Amma in Birtaniya ta bar kasuwar ƙungiya, tilas a duba kaya a wani wuri. In ba a duba a kan tudu tsakanin arewa da kudu ba, sai a duba a teku tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya. In ba a son ko ɗaya, sai Birtaniya duka ta zauna cikin haɗin kwastan na ƙungiya. Na farko jamhuriyar Ailan da ƙungiya sun ƙi. Na biyu DUP ta ƙi, don a ganinta raba ta ne da uwar ƙasa. Na uku masu zafin son fita na cikin Konsabatib sun ƙi. Firayim Minista mai babban rinjaye tana iya zaɓen ɗaya ta ɓata wa waɗansu rai ta wuce. Wadda ke rataye da ƙuri'a 10 ba ta da wannan dama. Wani abin kuma, yawancin mutanen Ailan ta Arewa zama suka zaɓa a 2016, amma muryarsu ba ta da ƙarfi a majalisar Landan, domin jam'iyyar Sinn Féin da ta ci kujera 7 ba ta zama a majalisar bisa al'adarta, majalisar yankin kuma a rufe ta ke tun Janairun 2017.

An ga aikin wannan a fili ranar 4 ga Disamba, 2017. Uwargida May tana Burasel, an kusa sa hannu kan matakin farko, sai shugabar DUP, Arlene Foster, ta ƙi amincewa da kalmomin da aka rubuta game da iyaka. Firayim Minista ta tashi daga teburi ta yi magana da ita ta waya, ta komo gida ba yarjejeniya. Sai bayan kwana huɗu aka gyara kalmomin aka daidaita. Abokan ciniki sun gani da idonsu wanda ke gabansu ba shi ne mai maganar ƙarshe ba.

A Nuwamban 2018 aka kammala yarjejeniyar fita mai shafi 585. An ƙiyasta kuɗin da Birtaniya za ta biya wajen fam miliyan dubu 39. Game da iyaka aka sa sharaɗin ko-ta-kwana, cewa in ba a sami wata dabara ba, Birtaniya duka za ta zauna cikin haɗin kwastan, ba kuma za ta fita daga ciki ita kaɗai ba sai da yardar ƙungiya. Majalisa ta yi watsi da ita ranar 15 ga Janairu, 2019, da ƙuri'a 432, masu so 202, kayen da ba a taɓa yi wa wata gwamnati irinsa ba a tarihin majalisar na zamani. DUP ɗin da aka jawo da alkawarin kuɗi tana cikin masu ƙi. Aka sake kawowa sau biyu a watan Maris, aka sake kayarwa. Wa'adi ya cika, Birtaniya ta roƙi ƙari, aka ba ta, har ya zama dole ƙasar da ta zaɓi fita shekara uku da suka wuce ta shiga zaɓen majalisar ƙungiyar a watan Mayu ta aika da wakilai 73. Jam'iyyar gwamnati ta zo ta biyar a wannan zaɓe. Kashegarin jefa ƙuri'a Uwargida May ta ba da sanarwar za ta sauka.

Boris Johnson ya hau ranar 24 ga Yuli, 2019, ya gaji majalisar nan da ba ta da rinjaye a kan kowace hanya. Ya nemi dakatar da zamanta na mako biyar, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka. Majalisa kuma ta kafa dokar da ta tilasta masa neman ƙarin wa'adi in ba a daidaita ba. Shi ma zaɓe ya ke nema, amma kafin ya samu sai da ya riga ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da ƙungiya ranar 17 ga Oktoba. Ya cire sharaɗin ko-ta-kwana ta hanyar karɓar abin da wadda ya gada ta ce ba Firayim Ministan da zai karɓa, watau a duba kaya a teku, Ailan ta Arewa ta ci gaba da bin dokokin kayan ƙungiya, majalisar yankin kuma ta riƙa sabunta yardarta lokaci lokaci. DUP ta ce an ci amanarta.

Bambancin zaɓen 12 ga Disamba, 2019, da na 2017 a nan ya ke. Uwargida May ta je wa jama'a hannu wofi tana neman su amince mata kan cinikin da ba a fara ba. Johnson ya je da takarda a hannu, ya sa dukan 'yan takarar jam'iyyarsa suka yi alkawarin goyon bayanta, ya ce wa mutanen da suka gaji da zancen su ba shi dama a gama. Leba ta ce za ta sake ciniki sa'an nan ta sake kiran ƙuri'ar raba gardama, abin da bai gamsar da masu son fita na mazaɓunta na arewacin Ingila ba. Jam'iyyar Nigel Farage kuma ta janye 'yan takararta daga kujeru 317 da Konsabatib ta ci a zaɓen baya. Konsabatib ta tashi da kujera 365, rinjayen 80. Malamai masu son lissafi za su so su san cewa rabonta na ƙuri'u bai ƙaru da yawa ba, daga kashi 42.4 ne zuwa 43.6 bisa ɗari. Na Leba ne ya faɗi daga kashi 40 zuwa 32, masu son zama kuma suka rarraba ƙuri'unsu tsakanin jam'iyyu dabam dabam.

Abin da majalisa ta kasa cikin shekara guda sai ta gama shi cikin makonni. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu, 2020, da ƙarfe 11 na dare, bayan shekara 47 a cikin ƙungiya, wata 10 kuma bayan ranar da aka sa tun farko. Yarjejeniyar cinikin gaba ba a cim mata ba sai ranar 24 ga Disamba, 2020, saura mako guda lokacin riƙon ƙwarya ya ƙare. Ta ɗauke kuɗin fito daga kayan da aka yi a ƙasashen ɓangarorin biyu, amma takardun kwastan da binciken nama da tsiro sun dawo.

Sai dai maganar da aka faɗa a dandalin zaɓe ta biyo gwamnati har gida. A lokacin yaƙin zaɓen 2019 Johnson ya tabbatar wa 'yan kasuwar Ailan ta Arewa ba za a nemi su cika wata takarda ba, ya kuma yi ta musun cewa za a binciki kaya tsakanin yankin da sauran ƙasar, alhali yarjejeniyar da ya ƙulla ta tanadi bincike a kan kayan da ke shiga yankin. Da aka soma aiki da ita a Janairun 2021, aka shiga duba kaya a tashoshin jiragen ruwa na Belfas da Lan, waɗansu 'yan kasuwar Ingila suka daina aika kaya can saboda wahalar takardu. DUP ta janye daga gwamnatin yankin a Fabrairun 2022, yankin ya sake zama ba gwamnati. Sai a Fabrairun 2023 wani Firayim Ministan, Rishi Sunak, ya daidaita da ƙungiya a Winza, aka raba kaya hanya biyu, waɗanda za su tsaya a Ailan ta Arewa a sauƙaƙa musu bincike, waɗanda za su zarce kudu a yi musu cikakke. DUP ba ta koma ba sai a Fabrairun 2024, ran da aka sake kafa gwamnatin yankin kuwa, Michelle O'Neill ta jam'iyyar Sinn Féin ce ta zama Babbar Minista, karo na farko ke nan da mai son haɗewa da kudu ya riƙe wannan muƙami.